Zanen Naruto Shirme Ne, Amma Satar Hoton 'Yar Indiya Adabi Ne?

Wannan makon ni aka ba wa filin, kuma tun daga farko ina neman afuwar duk wanda zai ji an taka masa sawu, don abin da ke raina ba ya faɗuwa ba tare da an taka wani ba.

Kwanakin baya wani yaro a cikinmu, da alama bai daɗe da gama sakandare ba, ya saka wani zane da ya yi na Naruto. Ya ce yayansa ne ya aro masa allon zane, irin wanda ake jona wa kwamfuta a yi zane a kai da alƙalaminsa, kuma wannan ne abu na farko da ya iya kammalawa bayan sati biyu yana fama. Zanen bai yi kyau ba, gaskiya. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma, wuyan ya yi tsawo, hannun kuma ya ɓoye shi a bayan jiki kamar yadda duk ɗan koyo yake yi idan yatsu suka gagare shi. Amma ba a kan wannan aka yi masa caa ba. Wani ya ce nan zauren marubuta ne, ba na 'yan katun ba. Wata ta ce ya je ya nemi abin yi. Wani babba, wanda nake ganin girmansa, ya ce wannan kwaikwayon baƙi shi ne yake kashe mana al'ada. Kafin magariba yaron ya goge zanen, kuma tun ranar ban sake ganin motsinsa ba.

Da daddare na zauna na bi shafukan waɗanda suka fi zaƙewa ɗaya bayan ɗaya, ina duba bangon littattafansu. Abin da na gani kun san shi, don ku ma kuna gani kullum. Wata jarumar fim ɗin Indiya ce a bangon labarin da aka ce ya faru a Gumel. Wata amarya ce ta ƙasar Turkiyya a bangon labarin 'yar talla. Akwai wanda ya ɗauko hoton wata baiwar Allah daga Instagram, ranar bikinta, da lallenta da komai, ya rubuta sunan littafinsa a goshinta, alhali ita ba ta san an yi ba. Mai maganar kashe al'ada kuwa, bangonsa zane ne da wani mai zane ya yi, an ɗauko daga Pinterest, an yanke gefen da mai shi ya sa hannu don kada sunansa ya ɓata wurin.

Laifi tudu ne. Mu ne fa muke kuka kullum a zauren nan cewa an kwashe mana littafi an mayar da shi fayil ana rabawa a WhatsApp, ko an karanta shi a YouTube ana cin kuɗin talla ba a ko gaishe mu ba. Mu ne masu rubuta "ban yafe ba" a saman kowane shafi. To wanda ya kwana uku yana zana fuskar da ka yanke wa sa hannu, shi ya yafe maka? Yaron nan bai saci komai ba. Ya faɗi sunan abin da ya zana, ya faɗi cewa koyo yake yi, ya zana da hannunsa. A duk cikin waɗanda suka yi magana a ranar, shi kaɗai ne hoton da ya saka guminsa ne.

Abin da ya yi yana da suna a wurin masu wannan harka. Zane ne da mai son wani labari yake yi na mutanen cikin labarin, don so kawai, ba don an sa shi ba. Zan kira shi zanen masoya, masoyan labari ke nan, kada wani ya ɗauka maganar saurayi da budurwa nake yi. A Japan, inda Naruto ya fito, ba a ɗaukar sa wasan yara. Tun 1975 ake yin wani taro a Tokyo mai suna Comiket, sau biyu a shekara, inda dubban ɗaruruwan mutane suke haɗuwa don saye da sayar da ƙananan littattafan zane da masoya suka yi da kansu, yawanci a kan labaran da wasu suka ƙirƙira. Manyan kamfanonin ɗab'i suna sane, galibi kuma suna kawar da kai, domin sun san daga wannan gona ake samun irin shuka. Ƙungiyar mata masu zane da ake kira CLAMP, waɗanda suka yi Cardcaptor Sakura, daga irin waɗannan littattafan masoya suka fara kafin su zama ƙwararru. Toyotarou, wanda aka damƙa wa zanen Dragon Ball Super a 2015, yaro ne da ya tashi yana zana mutanen Dragon Ball don sha'awa. Shi kansa Masashi Kishimoto mai Naruto, wanda ya yi shekara goma sha biyar, daga 1999 zuwa 2014, yana fitar da labarin, da kwaikwayon zanen Akira Toriyama ya buɗe ido.

Idan kuma wani zai ce wannan can ne, mu namu daban, to mu dawo gida. Abubakar Imam da muke alfahari da shi, wanda Ruwan Bagaja ɗinsa ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, ai kowa ya san Magana Jari Ce cike take da labaran da ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turawa. Ya ɗauko su ya sa musu riga da hula, ya ba su bakin Bahaushe, har yau yaro yana karantawa ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Ba mu ce ya kashe al'ada ba. A makarantar allo ma, malam ne yake rubuta wa yaro, yaron ya bi, ya wanke, ya sake, kafin hannunsa ya faɗa. Kai da kake karanta wannan, labarinka na farko da ka rubuta a littafin makaranta, ka rantse ba kwaikwayon marubucin da kake so ba ne?

Ina wannan magana da zafi ne don na ɗanɗana. Shekara biyu da suka wuce na gama wani labari, na rasa bangon da zan sa masa. Na ga abin da kowa yake yi, raina bai kwanta ba. Na ce to bari in gwada da kaina, tunda a firamare ana yabon zanena. Na sayi ƙaramin allon zane mara sikirin, wanda filin zanensa bai fi tafin hannu biyu ba, kuɗinsa kuma bai kai na wayar da ke hannun yawancinmu ba. Na ɗauka zuwa ƙarshen mako bango ya samu.

Satin farko ko da'ira ban iya yi ba. Wanda bai taɓa riƙe abin ba ba zai gane wahalar ba. A takarda, idonka da bakin fensir wuri ɗaya suke. A irin wannan allo kuwa hannunka yana kan tebur, idonka yana kan sikirin, layin yana fitowa a inda hannunka ba ya nan. Kuma ba kamar linzamin kwamfuta ba ne da kake ja ka ɗaga ka sake ja. Kowane gefe na allon yana daidai da gefe ɗaya na sikirin, idan ka kai alƙalami kusurwar sama, can alamar za ta yi tsalle ta tafi. Na yi kwana huɗu duk da'irar da na zana sai ta fito kamar ƙwai, ina zargin hannuna, ashe tsarin ne ban gyara ba: faɗin allon da na sikirin ba su yi daidai ba, akwai wurin da ake danna wa a manhajar allon a daidaita su. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya jefa abin a ƙarƙashin gado. Yaron da kuka kora ya haye wannan gadar shi kaɗai a sati biyu, ni sai da na yi wata.

Daga nan sai abin ya fara daɗi. Alƙalamin yana jin nauyin hannu: ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya yi siriri kamar gashi. Kamfanoni suna tallar cewa nasu yana rarrabe matakin dannawa 4096 ko 8192, amma kada wannan lissafi ya ruɗi kowa, hannun ɗan koyo ko goma ba ya rarrabewa. Yawancin na yanzu, ko na Wacom ko Huion ko XP-Pen, alƙalaminsu ba ya buƙatar caji, daga allon yake samun ɗan ƙarfin da yake aiki da shi, allon kuma daga kwamfuta yake sha ta waya, don haka ko an ɗauke wuta kana aiki muddin akwai caji a kwamfutar. Da yawa daga cikinsu ma ana jona su da wayar Android ta ɗan mahaɗin nan na OTG. Manhaja kuwa akwai Krita, kyauta ce a kwamfuta, akwai ibisPaint a waya. A ciki ake yin zane shimfiɗa-shimfiɗa, kamar ka ɗora fararen ledoji a kan juna: ta ƙasa ka yi zanen gwaji da ƙazanta, ka dusashe ta, ka ɗora wata ka bi da layi mai tsafta, launi kuma a tasa shimfiɗar daban, yadda idan ka ɓata ɗaya sauran suna nan. Akwai kuma maɓallin komawa baya, wanda ni'ima ne kuma annoba. Na taɓa kama kaina na ja layi ɗaya na goge shi fiye da sau talatin. Marubutan da suke shekara a babi na ɗaya sun san wannan cutar.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ranar da na koyi juya zane, dama ta koma hagu kamar a madubi. Fuskar da na yini ina yabawa sai ga ta a karkace, haɓa ta tafi gefe, ido ɗaya ya zazzago. Haka take tun farko, idona ne ya saba da ita ya daina gani. Tun daga ranar na fara karanta rubutuna da ƙarfi, ko in canza masa siffar haruffa kafin in yi gyara, don in gan shi kamar na wani.

To me ya sa ɗan koyo zai fara da Naruto, ko wani da aka riga aka zana? Saboda koyon zane abu goma ne a lokaci ɗaya, kuma wanda ya ɗauki wanda aka riga aka ƙirƙira ya rage wa kansa biyar. Ba sai ya yi tunanin kalar gashi ko irin riga ba, an gama wannan. Saura tsayuwar jiki, da girman kai a kan kafaɗa, da inda haske yake faɗowa. Kuma kuskurensa ba ya ɓuya, don kowa ya san yadda Naruto yake, idan bai yi kama ba ko ƙaninsa zai faɗa masa. Sannan akwai so. Babu wanda zai zauna awa shida yana zana tulu da kofi sai wanda aka tilasta wa a aji, amma zai zauna awa shida a kan gwarzon da yake ƙauna. Ni da mutanen wani fim ɗin katun na fara, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Bayan wata shida na ce lokaci ya yi da zan zana tauraruwar labarina. Na buɗe littafin na nemo inda na siffanta ta. Kun san abin da na rubuta, don ku ma shi kuka rubuta. Fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Na ɗauki alƙalami na tsaya. Goshinta faɗi ne da shi ko tudu? Kuncinta fa? Idan ta yi fushi ina ne yake fara motsi a fuskarta? Yaya take riƙe mayafi idan tana sauri? Shafi ɗari uku na yi da yarinyar nan, na aurar da ita, na sa an sake ta, na kashe mata uwa, amma ko sau ɗaya ban taɓa kallon ta ba. Abin da na rubuta siffar kowa ce, shi ya sa hoton kowace 'yar fim zai zauna a bangon. A nan na gane cewa satar bango ba daga bangon take farawa ba. Wanda ya ga mutumin da ya ƙirƙira da idon zuciyarsa, hoton wata 'yar Mumbai ba zai gamsar da shi ba, zai ce ai ba ita ba ce.

Zane ya tilasta mini kallo. A rubutu kana iya cewa "ya sa hula" ka wuce, a zane sai ka zaɓa: zanna ce, ko dara, ko haɓar kada, kuma ta zauna a tsakiyar kai ko an karya ta gefe, domin yadda mutum yake karya hula rabin halinsa ne. Sai ka san rawanin da ake fitar wa kunne biyu ba na kowa ba ne. Sai ka lura shadda mai sitaci tana karyewa da kusurwa, atamfar da ta sha wanki kuwa tana zubowa a jiki. Na zauna a tasha da ƙaramin littafi ina zana mutane cikin daƙiƙa talatin-talatin, a nan na ga yadda mai goyo take karkata gaba kaɗan, da yadda dattijo yake tattare babbar riga a kafaɗa kafin ya zauna, da yadda ɗan acaɓa yake ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa yana jira. Launin fata kuwa ya ba ni wahalar da ban zata ba. Yawancin darussan da ke intanet a kan farar fata aka gina su. Idan ka bi su ka zuba baƙi a kan ruwan ƙasa don yin inuwa, sai fuskar ta fito kamar an shafa mata toka. Baƙar fata tana ɗaukar hasken abin da ke kewaye da ita, shuɗin sama a goshi, ja-ja a kunci, sai ka zauna ka kalli ƙanwarka a tsakar gida da hantsi kafin ka yarda. Da na koma kan labarin, sai da na sake rubuta duk wurin da mutum ya shigo ɗaki. Yarinyar ta tashi daga fara doguwa ta koma wankan tarwaɗa mai ɗan wushirya, wadda take cije leɓen ƙasa idan za ta yi ƙarya.

Na san abin da wasu za su ce: duk wannan wahalar ta mece ce, ga ƙirƙirarriyar basira, ka rubuta mata jimla biyu ta ba ka bango cikin minti ɗaya. Na gwada, kuma na ga naku. Ka ce mata amaryar Hausa, ta ba ka ɗaurin kai irin na bikin Legas, ko ta kai ka Dubai. Hular da take ɗora wa namiji ba a ɗinka irinta a ko'ina. Aikin wuyan riga kuwa wani cakuɗe ne da idan ka nuna wa mai ɗinkin aska takwas sai ya yi dariya. Dalili a fili yake: daga hotunan da aka tara a intanet ta koya, mu kuma ba mu zuba namu ba, abin da ta fi gani shi take mayar maka. Amma ko da ta gyaru gobe, matsalar marubuci tana nan. Na'urar za ta ba ka kyakkyawar fuska ba tare da ta tambaye ka yaya goshin yake ba. Za ka karɓa, ka ji daɗi, ka ci gaba da rubuta hanci har baka har ƙarshen rayuwarka. Shi ya sa yanzu idan ka bi jerin sababbin littattafai sai ka ga kamar uwa ɗaya ce ta haifi duk 'yan matan bangon.

Akwai kuma waɗanda damuwarsu ta addini ce, game da zana abu mai rai. Wannan ba ni da hurumin yanke hukunci a kai, malamai sun yi magana mai yawa, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Wanda ya ƙaurace wa zanen mutum don tsoron Allah, ina girmama shi, kuma allon zane bai rufe masa ƙofa ba. Ga zankwayen gidajen ƙasa, ga adon bango na tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Zinder, ga dagi, ga rubutun ajami da zayyana, ga marinar Ƙofar Mata, ga kasuwa da asuba kafin mutane su fito. Bango mai ɗauke da takalmi ƙafa ɗaya a bakin zaure zai iya fin fuska goma magana. Wanda ba zan saurara wa ba shi ne mai jawo wannan hujja a kan yaro ɗan koyo, alhali a bangon littafinsa matar wani ce da kwalliyarta, an ɗauko ba izini.

Yanzu bari in juyo kanku, ƙannena masu zane, don na san kuna nan kuna leƙe ba ku magana. Kare ku da na yi ba ya nufin kun kuɓuta. Na farko, ɗora hoton wani a shimfiɗar ƙasa ka bi layinsa, sannan ka saka ka ce "zanena", ƙarya ce, kuma masu ido suna ganewa. Bin layi don koyo ba laifi, amma ka ajiye shi a wayarka, ko ka faɗi na wa ka bi. Manhajar ibisPaint tana naɗar bidiyon yadda ka yi zanen tun daga layin farko, ka riƙa sakawa tare, gardama ta ƙare. Na biyu, sayar da zanen mutanen da wani ya ƙirƙira ba haƙƙinka ba ne, don an kawar da kai a Tokyo ba ya nufin an halatta maka. Na uku, ku daina jiran allo mai sikirin. Wanda bai cika littafin zane ɗaya da fensir ba, ko Cintiq aka ba shi ƙwai zai zana. Littattafan Andrew Loomis na koyon zana jiki da kai, ɗaya na 1943 ɗaya na 1956, har yau da su ake koyo, kuma da fensir ya rubuta su.

Babban ƙorafina da ku shi ne kun yi zaune a gidan aro. Shekara uku kana zana manyan idanu da tsinin haɓa da gashi mai ƙaho, an ce ka zana kakarka ka kasa. Wannan salon Japanawa sun gina shi ne daga kallon nasu mutanen da nasu tarihin zane, kai kuma ka haddace sakamakon ba tare da ka yi kallon ba. Imam ya ɗauko labarin Bagadaza ya kawo shi gida, ku kun ɗauki kanku kun kai Konoha kun ƙi dawowa. Ina Malam Zurƙe ɗan Muhamman? Ina Ganɗoki a fagen fama, ina Iliya Ɗan Maiƙarfi, ina akun nan na Magana Jari Ce yana zuba a gaban ɗan sarki? Ina Gizo da Ƙoƙi? Sumayya da Muhammad na In Da So Da Ƙauna, da iyayenku suka yi kuka a kansu tun farkon shekarun 1990, wa ya taɓa zama ya zana su don so? Roye Okupe, mai kamfanin YouNeek, ya gina littafin zanensa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, ya kai shi kasuwar duniya, kuma ya kyauta. Mu da labarin yake a bakin kakanninmu muna nan muna gardamar ko zane abin yi ne. A Zariyar nan dai, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida, ta kuma canza fuskar zane a Najeriya. A ƙofar gidanmu aka yi wannan.

Laifin bai tsaya kan yaran ba. Zanen masoya yana tsirowa ne inda marubuci ya ba mai karatu mutumin da zai iya gani, kuma ya nuna yana murna idan an zana. Mu ba mu ba su ko ɗaya ba. Idan ma aka samu mai iyawa, muka neme shi ya yi mana bango, sai mu ce "ai taimakon juna ne, zan sa sunanka a ciki". Mai buga rubutu muna biyan sa, mai data muna biyan sa, mai tallata littafi a shafinsa muna biyan sa, amma wanda zai kwana huɗu yana fitar da fuskar da za ta sayar da littafin, shi godiya ta ishe shi. Daga nan sai mu ce babu masu zane a Arewa. Akwai su, suna zana wa mutanen waje da suke biyan su.

Bangon nawa dai bai samu ba har yau, kada wani ya ɗauka labarin nasara na zo bayarwa. Hannu yana ba ni wahala, ƙafa kuma kullum a bayan tukunya nake ɓoye ta. A ƙarshe wata yarinya 'yar jami'a na ba aikin na biya ta, amma a wannan karon na iya faɗa mata abin da nake so har da yadda ɗankwalin zai zame baya kaɗan, kuma da ta turo na farko na iya cewa leɓen bai yi ba.

Ga abin da nake roƙon shugabannin zauren nan. A ware rana ɗaya a wata, marubuci ya saka siffar mutum ɗaya daga labarinsa, sakin layi ɗaya kawai, masu zane su zana abin da suka karanta, da allo ko da waya ko da biro a bayan takardar jarrabawa. Idan mutum biyar suka zana suka fito da 'yar Indiya, marubucin ya koma ya gyara rubutunsa. A kuma kafa doka cewa duk bangon da aka saka a nan a faɗi wanda ya yi shi, ko inda aka samo shi da izinin wa. Ni zan fara da tawa a wata mai kamawa. Wanda kuma ya san yaron nan mai Naruto a zahiri, don Allah ya ce masa ya dawo da zanensa, ya kuma gwada juya shi dama zuwa hagu kafin ya sake sakawa, zai ga inda idon ya zame.